Daga son kwamfuta zuwa kamfanin biliyan: Labarin OVH da ikon da ke hannun mai ba shafuka masauki

Jim kaɗan bayan tsakar dare, a ranar 10 ga Maris 2021, gobara ta tashi a wani gini mai hawa biyar da ke gaɓar kogin Rhin a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Babu wanda ya rasa ransa, babu kuma wanda ya jikkata. Amma kafin gari ya waye shafukan intanet kimanin miliyan 3.6 sun ɓace daga idon duniya, bisa ƙididdigar kamfanin Netcraft mai sa ido kan harkokin intanet. A cikinsu akwai na bankuna da kafafen labarai da shagunan sayar da kaya, akwai kuma na hukumomin gwamnati a Faransa da Poland da Birtaniya, har da Kwaddibuwa a nan Afirka ta Yamma.

Ginin mallakar kamfanin OVHcloud ne, wanda ya fi kowane kamfanin Turai girma a sana'ar ba shafukan intanet masauki. Mutumin da ya kafa shi, Octave Klaba, shi da kansa ya riƙa sanar da duniya halin da ake ciki ta shafinsa na Twitter, yana shawartar abokan hulɗa da su koma ga shirinsu na ko-ta-kwana. Da yawansu a wannan safiyar ne suka gane ba su da irin wannan shiri.

Klaba bai gaji dukiya ba. Yaro ne da ya taso da son kwamfuta a ƙasar da samun kwamfuta ke da wuya, ya fara kasuwanci da rance daga danginsa. Ɗabi'ar da ta ɗaga shi, wato ƙera komai da hannu don a rage tsada, ita ce kuma aka fi tuhuma bayan gobarar.

Mene ne masaukin shafi?

Duk shafin da mutum ya buɗe a wayarsa yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ke kunne dare da rana a wani wuri a duniya. Ita ake kira saba, wasu kuma kan ce uwar garke. Ba ta da allo, ba ta da madannai, aikinta kawai ta ajiye bayanai ta miƙa su ga duk wanda ya nema. Ana jera dubban irinta a kan kantoci a cikin manyan gine-gine da ake kira cibiyoyin adana bayanai.

Mai jarida ko ɗan kasuwa ko ƙungiyar fafutuka ba kasafai suke sayen nasu injin ba, haya suke kamawa. Akwai mai kama ɗan lungu a cikin saba ɗaya tare da ɗaruruwan wasu, tamkar ɗaki a gidan haya. Akwai mai kama injin sukutum shi kaɗai. Akwai kuma tsarin da aka yi wa laƙabi da girgije, inda mutum ke biyan kuɗin ƙarfin injin da ya yi amfani da shi kawai, a ƙara masa ko a rage gwargwadon buƙata. Sunan yana ruɗar mutane. Babu abin da ke sararin sama. Bulo ne da waya da wutar lantarki, a wata ƙasa mai dokokinta da kotunanta.

Abin da mai masauki ke sayarwa a zahiri abu huɗu ne: inji, wuta, sanyi, da hanyar sadarwa. Duk wanda ya iya rage kuɗin waɗannan ya ci kasuwa.

Yaro a bayan labulen ƙarfe

An haifi Klaba a Poland a ranar 23 ga Janairu 1975, lokacin ƙasar na ƙarƙashin mulkin gurguzu. Ƙasashen Yamma sun sa takunkumi kan sayar da manyan na'urorin kwamfuta ga ƙasashen da ke ƙawance da Tarayyar Sobiyet, don haka abin da ke isa hannun matasa a shekarun 1980 shi ne ƙananan kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Commodore da Atari da Amstrad. Ana samunsu ta hannun matafiya, ko a kasuwannin ƙarshen mako, ko a shagunan gwamnati na Pewex da ba sa karɓar kuɗin ƙasar sai dala. Manhaja kuwa a kan kaset ake kwafarta daga hannu zuwa hannu. Har wani shirin rediyo aka yi da ke watsa manhajar kwamfuta a matsayin ƙara, masu saurare su naɗa a kaset su loda a injinansu.

Wanda ya koyi kwamfuta a irin wannan yanayi ba ya jiran mai gyara. Idan abu ya lalace sai ya kwance shi, idan babu manhajar da yake so sai ya rubuta. A nan Klaba ya fara rubuta manhaja tun yana yaro, a gidan da uban, Henryk Klaba, injiniya ne.

Bayan rushewar gurguzu, a farkon shekarun 1990, iyalin suka yi ƙaura zuwa arewacin Faransa, yankin da tun shekarun 1920 yake da al'ummar 'yan Poland masu aikin haƙar kwal. Octave yana ɗan kimanin shekara 16, ba ya jin Faransanci. Ya koyi harshen, ya shiga makarantar injiniyoyi ta ICAM da ke birnin Lille, ya kammala a 1999. Tun yana ɗalibi yake ajiye wa mutane shafukansu, kuma a duniyar intanet an san shi da laƙabin Oles Van Herman. Haruffan farko na wannan laƙabi su ne OVH. Daga baya aka ba su wata fassara da Faransanci mai ma'anar "muna ba ku masauki".

A wannan shekara ta 1999 ya kafa kamfanin da faran 25,000 na Faransa, kimanin yuro 3,800, waɗanda ya ranta daga makusantansa. Lokaci ne da masu zuba jari ke watsa miliyoyin daloli ga duk wanda ya ambaci intanet. A shekara ta 2000 kasuwar ta faɗi, ɗimbin kamfanonin da suka ci kuɗin jama'a suka rushe. OVH bai karɓi kuɗin kowa ba, don haka babu wanda ya zo ƙwace masa kaya.

Sana'ar gida

Abin da ya bambanta OVH da takwarorinsa shi ne yadda gidan Klaba gaba ɗaya ya shiga cikinsa. Uwar, Halina, ta riƙe harkar kuɗi. Ƙanin, Miroslaw, ya kama ɓangaren bincike da manhaja. Uban ya ɗauki aikin ƙarfe da wuta da gini.

Shawarar farko mai muhimmanci ita ce daina sayen sabobi daga manyan kamfanoni irin su Dell da HP. Suna sayo kayan ciki su harhaɗa da kansu, su watsar da duk abin da ba ya ƙara wa injin aiki, har da murfin ado. Yau kamfanin yana da masana'antar harhaɗa sabobi a Croix kusa da Roubaix, da wata a Kanada. Injin da ya tsufa ba a zubar da shi; a kwance shi, a gwada sassansa, a sake haɗa shi a ba da haya a farashi mai sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi.

Shawara ta biyu ta shafi zafi. Saba tana cin wuta tana fitar da zafi, kuma idan zafin ya yi yawa sai ta mutu. Abin da aka saba yi shi ne a cika ɗakin da na'urorin sanyaya iska, waɗanda su ma ke shan wuta mai yawa. A 2003 OVH ya fara sanyaya injinansa da ruwa: siririn bututu yana kai ruwa kan wani ɗan faranti da ke manne da ƙwaƙwalwar injin, ruwan ya kwashi zafin ya fita da shi waje, kamar yadda lagireto ke yi wa injin mota. A lokacin masana da yawa na ganin ganganci ne a kusanto da ruwa ga lantarki. Bayan shekara ashirin, da injinan ƙirƙirarriyar basira suka zo da zafin da iska ba ta iya ɗauka, manyan kamfanonin duniya sun koma ga ruwa.

Ta uku ita ce wurin zama. Maimakon Paris mai tsadar ƙasa, kamfanin ya kafa hedikwatarsa a Roubaix, tsohon birnin masaƙu wanda masana'antunsa suka mutu suka bar shi cikin jerin biranen da suka fi talauci a Faransa. Akwai manyan gine-gine da babu kowa a ciki, kuma da arha. Haka ya yi a Beauharnois da ke lardin Quebec na Kanada, inda ya sayi tsohuwar masana'antar alminiyom kusa da madatsar ruwa mai samar da lantarki, da Gravelines a gaɓar tekun arewacin Faransa, daf da tashar lantarki ta nukiliya.

Sakamakon duk wannan shi ne farashin da abokan gogayya suka kasa kamowa. Ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa da masu wasannin kwamfuta suka yi ta tururuwa. Kamfanin ya buɗe rassa a Poland da Sifaniya da Jamus, sannan a Tunisiya da Maroko da Senegal, abin da ya sa shafuka da dama na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suke kwana a Roubaix ko Strasbourg ba tare da masu karanta su sun sani ba.

Ranar da siyasa ta ƙwanƙwasa ƙofa

A ƙarshen Nuwamba 2010 WikiLeaks ya fara sakin takardun sirri na ofisoshin jakadancin Amurka. A ranar 1 ga Disamba kamfanin Amazon ya kori shafin daga injinansa, bayan ofishin Sanata Joe Lieberman ya tuntuɓe shi. Amazon ya ce WikiLeaks ne ya karya ƙa'idojin haya. Babu kotun da ta zauna, babu alƙalin da ya yanke hukunci.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka gano cewa wani ɓangare na shafin ya koma kan wata saba a Roubaix. OVH ya ce shi ma a jarida ya gani, domin wanda ya kama hayar ta intanet ya yi, ya biya da katin banki kamar kowa. Ministan da ke kula da tattalin arzikin dijital a lokacin, Éric Besson, ya rubuta wasiƙa yana neman a samo hanyar da za a kawo ƙarshen zaman shafin a Faransa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: gwamnatin da ba ta iya kama wanda ya fitar da takardun sai ta juya kan mai masauki.

Klaba ya ƙi kashe injin, ya kuma ƙi ayyana kansa a matsayin mai kare WikiLeaks. Matsayinsa shi ne ba aikin minista ba ne, ba kuma aikin kamfani ba ne, su yanke hukunci kan halaccin shafi. Aikin alƙali ne. Kamfanin da kansa ya garzaya kotu a Lille da Paris yana neman a faɗa masa ko shafin ya saɓa doka. Alƙalan suka ƙi ba da umarnin rufewa, shafin ya ci gaba da zama. Dokar Faransa ta 2004 kan harkokin intanet tana bayansa, domin ba ta ɗora wa mai masauki alhakin abin da ɗan haya ya wallafa sai idan an sanar da shi abin da haramcinsa a bayyane yake ya ƙi cirewa.

Ana iya cewa lissafin kasuwa ne ya sa ya yi haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai gidan hayar da ke korar mutane da kiran waya ɗaya ba zai daɗe da 'yan haya ba. Duk da haka, cikin mako guda an ga kamfanoni biyu sun fuskanci matsin lamba iri ɗaya, ɗaya ya cire shafin, ɗaya ya nemi alƙali. Ga ɗan jarida ko ɗan fafutuka, wannan bambanci shi ne tsakanin a karanta rahotonsa gobe da a nema a rasa.

A Satumba 2016 wata jarrabawar ta zo ta fuskar fasaha. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame kyamarorin tsaro da na'urorin naɗar bidiyo sama da 145,000 a faɗin duniya, ta sa su yi wa injinan OVH ruwan buƙatu a lokaci guda don su cushe, harin da ya kai kusan terabit ɗaya a daƙiƙa, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin. Da aka kama waɗanda suka rubuta manhajar sai ga wasu matasa uku 'yan Amurka, waɗanda rigimarsu ta samo asali daga gasar neman kuɗi a wasan Minecraft. Su ma son kwamfuta ne ya taso da su.

Kuɗin waje da gobara

Shekara 17 iyalin suka yi ba su sayar wa kowa hannun jari ba. A 2016 kamfanonin zuba jari na KKR da TowerBrook suka sa yuro miliyan 250 suka karɓi kimanin kashi 20 cikin ɗari. A 2018 Klaba ya miƙa ragamar gudanarwa ga Michel Paulin, tsohon shugaban kamfanin sadarwa na SFR, ya koma shugabancin hukumar daraktoci. A 2019 aka sauya suna zuwa OVHcloud. A ranar 8 ga Maris 2021 aka sanar da shirin shiga kasuwar hannun jari. Bayan kwana biyu Strasbourg ta kama da wuta.

Ginin da ake kira SBG2 ya ƙone ƙurmus, huɗu daga cikin ɗakuna goma sha biyu na SBG1 da ke maƙwabtaka da shi suka lalace, aka kashe wutar sauran gine-ginen biyu. Ma'aikatan kashe gobara fiye da ɗari suka yi aikin, har da jirgin ruwan kashe gobara na haɗin gwiwar Faransa da Jamus da ke kogin Rhin.

Rahoton hukumar binciken haɗurran masana'antu ta Faransa, wanda ya fito a 2022, ya nuna wutar ta fara ne daga ɗakunan batura da na'urorin da ke riƙe wuta idan lantarki ya ɗauke. Ya kuma nuna ginin ba shi da na'urar kashe gobara mai aiki da kanta, kuma an ɗauki lokaci mai tsawo kafin a iya katse lantarkin wurin. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne fasalin ginin. An tsara shi ne yadda iskar waje za ta shiga ta ƙasa ta haura sama ta fice da zafi ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, dabarar da ta rage kuɗin wuta shekara da shekaru. Da gobara ta tashi, wannan hanyar iskar ce ta zame mata bututun hayaƙi, ta yi ta hura ta zuwa sama.

Asarar injina kuɗi ke mayar da ita. Bayanai kuwa idan sun ƙone sun tafi. Masu wasan kwamfuta na Rust sun sanar cewa duk abin da ke kan sabobinsu 25 na Turai ya salwanta. Ƙananan 'yan kasuwa da dama sun rasa rajistar abokan cinikinsu da takardun shekaru. Wasu ba su taɓa biyan kuɗin kwafin ajiya ba, sun ɗauka yana cikin haya; arha ba ta ado, kuma sharuɗɗan hayar sun ɗora wannan nauyi a kansu. Amma akwai waɗanda suka biya, sai ta bayyana cewa kwafin nasu yana cikin ginin da ya ƙone tare da na asali. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci OVHcloud ya biya wasu kamfanoni biyu diyya a kan wannan dalili.

Klaba ya fito a bidiyo ya nemi afuwa, masana'antar Croix ta shiga harhaɗa dubban sababbin injina, kamfanin ya yi alƙawarin sauya ƙa'idojin gininsa, ya raba ɗakunan batura da na sabobi, ya kuma riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam. A ranar 15 ga Oktoba 2021, wata bakwai bayan gobarar, aka fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Euronext ta Paris kan yuro 18.50, abin da ya kai darajar kamfanin kusan yuro biliyan 3.5. Iyalin Klaba suka ci gaba da riƙe kaso mafi rinjaye. Farashin bai daɗe a sama ba. Cikin shekarun da suka biyo baya ya faɗi ƙasa da wanda aka fara da shi.

Dokar wa ke hawa kan bayanan?

Abin da OVHcloud ya fi tallatawa a yau ya wuce arha. A 2018 Amurka ta kafa dokar CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar tilasta wa kamfanin Amurka ya miƙa bayanan da ke hannunsa ko da injin yana wata ƙasa. Ma'ana, asibitin Faransa ko ma'aikatar Jamus da ta ajiye bayananta a wurin Amazon ko Microsoft ko Google ba ta fita daga hannun kotun Amurka ba don kawai ginin yana Paris ko Frankfurt. A Yuni 2025 wani babban jami'in shari'a na Microsoft a Faransa ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan ƙasar, bisa rantsuwa, cewa ba zai iya ba da tabbacin ba za a taɓa miƙa bayanan Faransawa ga hukumomin Amurka ba.

Waɗannan kamfanoni uku na Amurka suna riƙe da kimanin kashi 70 cikin ɗari na kasuwar girgije a Turai, yayin da duk kamfanonin Turai a haɗe ba su wuce kashi 15 ba. A kan wannan giɓi Klaba ya gina sabon matsayinsa na mai kiran Turai ta mallaki injinanta. Kiran yana yi wa aljihunsa amfani, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma hakan bai rage wa tambayar nauyi ba. Ita ce dai tambayar da ta sa hukumar NITDA a Najeriya ta fitar da ƙa'ida tun 2013 cewa a riƙa ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasar. Sai dai tana da fuska biyu. Injin da ke gida ya tsira daga kotun waje, amma ya fi kusa da hannun gwamnatin gida, kuma kafar labaran da ke binciken masu mulki tana iya gwammace shafinta ya kwana inda ɗan sandan ƙasarta ba zai iya zuwa ya zare waya ba.

Kamfanin da aka fara da rancen faran 25,000 yanzu yana da sabobi sama da 400,000 a cibiyoyi fiye da 40 a nahiyoyi huɗu, da abokan hulɗa kimanin miliyan 1.6. A shekarar kuɗinsa ta 2025 cinikinsa ya haura yuro biliyan ɗaya a karon farko. Sashen girgije na Amazon ya yi cinikin sama da dala biliyan 107 a 2024, wato yana tara abin da OVHcloud ke samu a shekara cikin ƙasa da mako guda. A Oktoba 2025 hukumar daraktocin kamfanin ta mayar da ragamar gudanarwa hannun Octave Klaba, yana da shekara 50, shekara bakwai bayan ya sauka daga kujerar.